Sharhi: Reddit da neman kai labarin Sudan shafin farko

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, mu Hausawan Sudan da ke zaune a Jidda da Makka muna fama da abu ɗaya: labarin gida a tsakaninmu kawai yake yawo. Wani ya turo daga Mai Wurno ko Gadarif, mu tura wa juna a WhatsApp, mu yi salati, shi ke nan. Wannan ne ya kai ni Reddit, wani dandalin labarai da tattaunawa a intanet, kuma na daɗe ina amfani da shi har na ga ya dace in faɗa wa 'yan uwa abin da na gani.

Steve Huffman da Alexis Ohanian ne suka kafa shi a Amurka a 2005. Ba ruwansa da yawan mabiyanka. An raba shi zaure-zaure, kowane zaure da batunsa da masu kula da shi, ka sa labari, masu karatu su danna kibiyar sama ko ta ƙasa. Wanda ya tara ƙuri'a da sauri shi ke hawa, har ya kai shafin farko inda miliyoyin mutane ke gani. Abin da ya fi burge ni ke nan: talakan da ba wanda ya san shi zai iya wuce babban gidan jarida a rana ɗaya.

Sai dai hawan yana da lissafi, kuma wanda bai san shi ba zai yi ta wahalar banza. A tsarin da kamfanin ya taɓa fitarwa fili kafin ya rufe shi a 2017, ƙuri'u 10 na farko nauyinsu ɗaya da 90 da suka biyo baya, su kuma nauyinsu ɗaya da 900 na bayansu. Sannan lokaci yana cin labari: wanda ya girmi wani da awa 12 da rabi sai ya ninka shi ƙuri'a sau goma kafin su yi kunnen doki. Don haka awar farko ita ce komai. Abin da na gani da idona ya yi daidai da wannan. Labarin da bai motsa ba da wuri, da wuya ya tashi daga baya, ko da kuwa labarin faɗuwar gari guda ne.

A nan ne agogo ya shigo. Amurkawa ne suka fi mutanen kowace ƙasa yawa a wurin. In ka sa labari bayan sallar asuba a Jidda, su suna shirin kwanciya ko sun riga sun kwanta. Ƙarfe 8 na safe a New York yana faɗowa ne ƙarfe 3 ko 4 na yamma a Saudiyya, gwargwadon lokacin shekara. Ni da la'asar nake sawa, kuma bambancin a bayyane yake.

Babban zauren labaran duniya, r/worldnews, yana da tsauri. Labari sai na Turanci, sai sabo, kuma ba a yarda ka cusa ra'ayinka a kanun ba. Da farko abin yana da ciwo, domin mutumin da aka kori iyayensa daga Sinja a 2024 ba shi da sanyin zuciyar rubuta kanu kamar ba abin da ya shafe shi. Amma ina ganin dokar ta yi mana rana. Ita ke sa baƙo ya yarda da abin da ya karanta. Radio Dabanga da Sudan Tribune suna wallafa labarai da Turanci, kuma daga wurinsu nake ɗauko mafi yawa. Bidiyon da ake turowa ba tushe ba na kusantar shi, ko da wanda ya turo ɗan uwa ne.

Sabon shiga kada ya fara da manyan zauruka. Da yawansu suna da na'urar da ke cire rubutun sabon asusu ko wanda bai tara makin da suke kira karma ba. A fara da r/Sudan, zauren Sudan, a yi ta amsa tambayoyi, a saba da mutane. A can na fi jin daɗi ma, domin a can ne ake samun wanda ya san inda Damazin take, ya kuma tuna rikicin Blue Nile na Yulin 2022 da ya ci Hausawa da dama.

Akwai masu tallar cewa za su sayar maka da ƙuri'u su kai ka shafin farko. Kada riyal ɗinka ya je wurinsu. Dokar Reddit ta hana wannan, ta kuma hana ka tara abokai ka ce kowa ya je ya danna maka. In aka gane, asusun ne zai tafi, labarin kuma ya zama abin zargi, alhali gaskiya ne.

Ga mai neman hira da Hausa, Reddit ba wurinsa ba ne, Facebook da TikTok sun fi shi nesa ba kusa ba. Amfaninsa shi ne isa ga waɗanda ba su san mu ba. Kuma hawan ba shi ne ƙarshen aiki ba. Duk lokacin da labarin Sudan ya hau, tambayoyi biyu ke cika ƙasansa: su wane ne ke faɗa, kuma ina za a aika taimako? Sai ka zauna da wayarka har bayan isha'i kana bayani a kan Burhan, shugaban sojoji, da Hemedti, shugaban RSF, kana nuna musu ɗakunan agajin gaggawa da matasa suka kafa a unguwanni, masu dafa abinci a raba wa jama'a. Wanda Turancinsa bai kai ba, ya nemi ɗansa ko ƙaninsa ya zauna kusa da shi a wannan daren.