Idan injin saita bututu ya cije a babur ɗin ruwa: me ya kamata a saya?

A kan tsofaffin baburan ruwa na Sea-Doo, irin XP da GSX na shekarun 1990, akwai ƙaramin injin lantarki da ke ɗaga bututun feshin ruwa ko ya saukar da shi, domin hancin babur ya tashi ko ya kwanta. Kamfanin yana kiran tsarin VTS. Idan ya fara cijewa, yawanci ruwa ne ya shiga akwatinsa ta robar da ke rufe sandar da ke tura bututun, domin robar tana tsagewa idan ta tsufa, sai tsatsa ta kama injin.

Kafin a kashe ko sisi, a duba fis, sannan a kwance sandar daga jikin bututun a motsa shi da hannu. Idan ya ƙi motsi, gishiri ne ya daskare a mahaɗarsa, abin da ya zama ruwan dare ga mai hawa a teku, kuma wanki da giris sun wadatar. Idan yana motsi, sai a haɗa wayoyin injin kai tsaye da batir mai volt 12, a sauya su a ga ko zai juya ta ɓangarorin biyu.

Injin da ya juya da ƙyar ana iya wanke shi a shafa wa haƙoran giyarsa sabon giris. Wannan ne mafi araha, sai dai idan tsatsa ta riga ta ci cikinsa, gyaran ba ya daɗewa. A ganina sabon inji shi kaɗai ya fi dacewa da yawancin mutane. Na asali ya fi tsada amma yana zama daram a mazauninsa, na wasu kamfanoni kuwa ingancinsu ya bambanta ƙwarai, don haka a gwada lambar kayan da shekarar babur kafin a biya. Na hannu ba na ba da shawararsa, domin shi ma shekarunsa ɗaya da wanda ya lalace, kuma wataƙila ruwa ya taɓa shi. Sayen akwatin gaba ɗaya bai zama dole ba sai idan injin yana da lafiya amma maɓallin saita bututun ba ya tayar da shi, bayan an tabbatar maɓallin da wayoyin ba su da matsala. Kowanne aka zaɓa, lallai a haɗa da sabuwar roba da maɗaurinta, in ba haka ba ruwan zai koma.

Baburan da ke da birkin iBR, wanda ya fito a 2009, lissafinsu daban ne: na'urar birkin ce take saita bututun, kuma sai dila mai kwamfutar kamfanin ya duba ta kafin a sayi komai.