Canyengue, milonga ko salón: wane ajin tango ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya sauka Buenos Aires, babban birnin Argentina, da niyyar koyon rawar tango zai tarar da malamai birjik, kowa na cewa tasa ce ta asali. Kafin ka zura hannu aljihu, ka san abin da ka zo nema.

Rawar ta taso ne a ƙarshen ƙarni na 19 a unguwannin talakawa na Buenos Aires da Montevideo, babban birnin Uruguay, inda jikokin bayin da aka kwaso, akasari daga yankin Kongo da Angola, ke kiɗan candombe. A ƙidayar 1778, kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen Buenos Aires baƙar fata ne. Idan wannan tushen kake bi, canyengue ce taka. Rawar farkon shekarun 1900 ce: gwiwa a lanƙwashe, taku gajere, ƙafa na jan ƙasa, hannu a sauke wajen ƙugu. Akwai tsayawar bazata da ake kira corte, da karya jiki, wato quebrada. Sai dai kash! Masu koyar da ita ba su da yawa, kuma abin da ake koyarwa yau farfaɗo da ita aka yi bayan ta kusa ɓacewa. Don haka ka tambayi malamin wa ya koya masa. In ya fara kame-kame, ka ƙara gaba.

Milonga ta fi sauri da raha, kiɗanta bugu biyu-biyu, ba ta ba ka damar tsayawa tunani. Mai kunnen kiɗa zai kama ta da wuri, kuma a kusan kowane daren rawa ana saka ta.

Salón kuwa ta shekarun 1940 ce, jiki a miƙe, taku dogo cikin natsuwa. Ƙamshin candombe ya ragu a cikinta, amma ita aka fi takawa a zauruka. Mai kuɗin aji ɗaya kacal, ni dai salón zan ce ya saya, ya ɗora milonga daga baya.

Tangon dandamali, mai ɗaga ƙafa sama, ta 'yan kallo ce, ka bar wa ƙwararru.

Takalmi kuwa, nemi mai tafin fata, don na roba yana cije daɓe wajen juyi. In kuma guzurinka ya kai, tsallaka kogi zuwa Montevideo a watan Fabrairu, ka ji gangunan chico da repique da piano a Llamadas, bikin candombe na unguwannin Barrio Sur da Palermo.