Tiyunar ƙafa da tsirkiyar B: shekara guda ina taka Boss TU-3

Shekara takwas na yi ina kaɗa jitar bes mai tsirkiya huɗu, ban taɓa sa kuɗina a tiyunar ƙafa ba, wato na'urar saita muryar tsirkiya da ake takawa. Ƙaramar nan da ake maƙalawa a kan jita ita ce tawa, in batirinta ya mutu in ce wa mai kibod ya ba ni G, in bi sauran da kunne. Sai da na koma mai tsirkiya biyar asirina ya tonu.

Wata liyafar biki ce a Jos, a fili, da la'asar. Mun gama waƙa ta uku na ji tsirkiyar B, ta biyar ɗin da ta fi kauri, ta saki, don tun azahar rana ke dukan jitar. Na karkato kanta ina duban tiyuna. Mai ganguna bai bar taɓe-taɓe ba, mai gabatarwa yana ta zuba a lasifika, manyan sifikoki suna girgiza katakon da muke tsaye a kai. Ita kuwa ta maƙalawa ba sauti take ji ba, girgizar katakon jita take ji, ranar kuma girgizar kowa ta shiga katakon. Ta nuna B, ta koma F#, ta ɗauke ɗif. Duk wannan laluben a kunnen jama'a nake yinsa, bum, bum, bum. Shugaban ƙungiyarmu, wani dattijo marar hayaniya, ya juyo ya ce, "Ɗana, ka gama ko mu jira ka?" Na ce, "Na gama, Baba." Ban gama ba. Waƙa biyu na kaɗa ina kauce wa tsirkiyar nan kamar mai kauce wa wanda ke binsa bashi.

Satin da ya biyo na je na sayi wata tiyunar ƙafa mai araha. Ba sai na kira sunanta ba. A jitar abokina mai tsirkiya shida lafiya lau take aiki. A tawa, G da D da A ba matsala, E sai ta yi ɗan tunani, B kuwa tsohon wasan nan ta dawo da shi, B, F#, B, F#. In na taka ta kuma sai sifika ta ce ɗas, har matan kwaya su waiwayo. Wata uku ta yi a jakata na ba wani yaro mai koyon jita, ga shi har yau tana masa amfani.

A nan ne na zauna na nemi sanin me ya sa bes ke ba waɗannan na'urori wahala. Tsirkiyar E mai kauri ta jita tana girgiza wajen sau 82 a sakan ɗaya. Ta bes rabin haka ce, sau 41. Tsirkiyar B ta mai biyar wajen sau 31 kacal. Tiyuna sai ta ƙirga girgiza da dama kafin ta yarda da abin da ta ji, don haka duk tsirkiyar da ke girgiza a hankali dole ta ɗan jira ta. Wannan kowace tiyuna na fama da shi, sai dai wata ta fi wata saurin yanke hukunci. Na biyu, tsirkiya ba murya ɗaya take fitarwa ba. Bayan uwar muryar akwai 'ya'yanta a sama: mai ninki biyu, wadda ita ma B ce, da mai ninki uku, wadda ita ce F# ɗin da ta riƙa yi mini gizo. A tsirkiya mai kauri sau da yawa 'ya'yan sun fi uwar ƙarfi a abin da ke fita ta waya, sai tiyunar da ba a yi ta da bes a rai ba ta kama ɗiya ta bar uwa.

Da na gane haka sai na daina karanta abin da ke jikin kwali, na ɗauki jitata na fara bin masu tiyuna ina aro. Uku na gwada da hannuna.

Mai jitar ƙungiyarmu yana da PolyTune 3 ta kamfanin TC Electronic na Denmak. Abin da aka san ta da shi tun fitowar ta farko a 2010 shi ne ka shafa duk tsirkiyoyin a lokaci ɗaya ta nuna maka wadda ta kauce. Ga mai jita wannan gata ne. Ni ɗai-ɗai nake taɓa tsirkiyoyina ko a waƙa, ballantana a saiti, saboda haka ban ga abin da zan yi da shi ba. A taɓawar ɗai-ɗai dai ta kama B ɗina ba gardama, fuskarta kuma tana da haske. Wani mai situdiyo ya bar ni na zauna da Peterson StroboStomp HD awa guda. Wannan irin ta sitirob ce: wasu layuka ne ke gudu a fuskarta, hagu in tsirkiya ta yi ƙasa, dama in ta yi sama, sai sun tsaya cak ka san ka iso. Kyakkyawar na'ura ce, kuma ba ta yi wa kowa kara. Ka huta hannunka a wuyan jita kaɗan, za ka ga layukan sun motsa. Na uku ita ce Boss TU-3, fara mai nauyi, wadda kusan duk inda ka leƙa ƙasan ƙafar makaɗan jita za ka gan ta ko yayarta TU-2 da ta fito tun 1998.

In lissafi za a bi, TU-3 ce ta ƙarshe a ukun. Tazarar da ke tsakanin gaɓa ɗaya da mai bi mata a wuyan jita an raba ta gida 100, kowane gida ana ce masa sent. Boss sun ce tasu ba ta kuskure fiye da sent 1. Peterson 0.1. PolyTune 3 a yanayin sitirob 0.02. Na daɗe ina kallon waɗannan lambobi kamar su ne za su raba gardama, har ranar da na sa ido a fuskar Peterson ɗin na danna gaɓa ta biyar da ƙarfi, na sake dannawa a hankali. Bambancin dannawar yatsana kaɗai ya wuce sent ɗaya nesa. Haka in na finciki tsirkiya, muryar sai ta fara hawa sama sannan ta sauko ta zauna. Wanda hannunsa ke yawo da sent uku ko huɗu a kowace waƙa, 0.02 ba ciwon kansa ba ne a kan dandamali. Abin da nake bukata a tsakanin waƙa da waƙa shi ne ta ji B da wuri, in iya karanta ta ina tsaye, ta kuma rufe mini baki yayin da nake saiti.

TU-3 ɗin na saya. Lokacin da na saya, a waje kuɗinta wajen dala 100 ne, a nan kuma ya danganta da yadda canji ya kwana. Na ji zafin kuɗin, ba zan ɓoye ba.

Ranar farko a gida na sa ta a yanayin da ke nuna sunan murya da harafi, na taɓa B. Ɗan jinkiri kamar ƙiftawar ido, harafin ya fito ya zauna, bai koma F# ba. A takarda tana ji har ƙasa da B ɗin sosai, zuwa girgiza wajen 16 a sakan, wato ko mai sauke tsirkiyarsa zuwa A yana da sauran fili. Tana da jerin ƙananan fitilu 21 a lanƙwashe, ja a gefe biyu, kore a tsakiya, da wasu kibau biyu da ke haɗuwa in ka zo daidai. Akwai wani yanayi na bes da ke nuna lambar tsirkiya maimakon harafi. Na gwada shi sau ɗaya na koma na harafi, don wani lokaci Baba yakan ce mu sauke waƙa rabin murya saboda mawaƙiya, in sauke tsirkiyoyin duka, na fi son in ga sunan abin da nake ji.

Hasken rana shi ne gwaji na biyu, kuma a nan ta fi burge ni. Akwai maɓallin da in ka riƙe shi fitilun za su ƙara haske. A taron fili da tsakar rana ina tsaye nake ganin koren, ba sai na durƙusa na yi mata inuwa da hannu ba. Sai dai hasken nan da batir yake biya. Ita kanta tana cin batir mai bolt 9 muddin waya na soke a bakin shigarta, ko an taka ta ko ba a taka ba, kamar yawancin fedoji irinta, wato na'urorin jita da ake takawa. Na koyi wannan da na bar waya a ciki daga Asabar da dare zuwa Lahadi da safe. Laifina ne, a rubuce yake a takardarta. Yanzu adafta nake amfani da ita, batir na ciki don ranar da aka ɗauke wuta kafin a tada janareta. Wanda zai sayi adafta ya duba alamar jikinta da kyau, mai korau a tsakiya ake so, ba kowace mai bolt 9 da ke kasuwar 'yan waya ba. Tana kuma da bakin da za ka ja wuta daga gare ta ka ba wasu fedoji, ni da shi nake ciyar da ƙaramar kwamfiresata, fedar da ke daidaita ƙarfin sauti.

Amma abin da ya fi canza mini aiki ba ma saitin ba ne, shirun ne. Da na taka, sautina ya yanke daga amfilifaya, ba ɗas, ba komai. A coci in an fara addu'a sai in taka, in duba tsirkiyoyina biyar, ba wanda ya sani. In zan canza jita ko in cire waya, in taka. In mai wa'azi ya hau, in taka in ajiye jitar, ba zancen ta fara kuka ita kaɗai a gaban sifika. Tana da bakin fita biyu, ɗaya mai yin shiru, ɗaya mai barin sauti ya wuce ko tana aiki. Na biyun masu jita marar gaɓoɓi ke so, don su riƙa satar kallonta suna kaɗawa. Ni na farkon nake sokawa.

Akwai maganar bafa da makaɗa ke ja-in-ja a kai. TU-3 tana ƙarfafa siginar kafin ta wuce da ita, ko a kashe take, kuma ba a cire wannan. Wasu sun fi son sautin ya bi ta waya tsura. PolyTune 3 tana ba ka zaɓi, haka ma TU-3W, 'yar'uwar tawa mai tsada. Jitata mai batir ce a ciki, siginarta da ƙarfinta take fitowa, saboda haka na gwada da feda da babu feda ban ji wani bambanci ba. Mai jita marar batir da doguwar waya ma bafar taimakonsa take yi, tana hana saman sautin dushewa. Wanda ya kamata ya tsaya ya gwada shi ne mai irin tsofaffin fedojin faz ɗin nan, masu kaurara sauti, da ke son jin jita kai tsaye.

Wata Lahadi mai kibod ya matso ya ce, "Yaya, kamar kana sama da ni fa." Na taka na duba, duk kore. Na ce masa kunnensa ne. Muka sake taɓa A tare, ga sautin yana rawa tsakaninmu. Ashe yaran da ke zagaye kayan kiɗa bayan an tashi sun danna mini maɓalli, ma'aunin ya tashi daga 440 ya koma 442. Wajen sent 8 ke nan, kunne na jin wannan sarai. Ana iya matsar da shi daga 436 zuwa 445, don haɗuwa da kayan kiɗan da ba a saita su da sauƙi. Tun ranar nake duba lambar kafin mu fara, na kuma ba mai kibod ɗin haƙuri a gaban mai ganguna, wanda har yau bai bar ni na manta ba.

Wasu abubuwan da na riƙa ɗora wa tiyuna ma hannuna ne. Yanzu da tsokar babban yatsa nake taɓa tsirkiyar, a hankali, kusa da wuya, sauran huɗun na danne su da tafi don kada su amsa. Ina barin muryar ta zauna kafin in murɗa kunne. In na wuce, sai in sassauta in sake hawowa daga ƙasa, haka ta fi riƙewa. In wuri ya cika da ƙara, in ɗora yatsa a kan gaɓa ta 12 ba tare da dannawa ba in taɓa, muryar ta ninka biyu, B ta koma girgiza wajen 62, nan take fitila ta tsaya. Wannan dabarar da na san ta tun farko, wataƙila da mai arahar nan ma ta ɗan ƙara kwana a wurina. Tsirkiyar da ta tsufa ta sha gumi da ƙura kuwa, kowace tiyuna ka kawo mata sai fitila ta yi ta yawo.

Inda nake jin rashin ta sitirob wuri ɗaya ne, gyaran gada, wato inda tsirkiyoyi ke zaune a jikin jita. Sau biyu a shekara wuyan jitata ke motsi, in hunturu ya busar da katako da kuma in damina ta sauka. Sai ka ga tsirkiya a sake daidai take, a gaɓa ta 12 kuma ta ɗan hau, dole a matsar da sirdinta baya da sukurdireba. TU-3 tana yin aikin, akwai ma yanayin da fitilunta ke gudu kamar na sitirob, amma a irin wannan zama na natsuwa, ba ganguna ba jama'a, a nan ne 0.1 ɗin Peterson ke da rana. Na riga na gaya wa mai situdiyon nan ya sa rai da ni da ruwan farko, zan zo da jitar da sabbin tsirkiyoyi. Ta maƙalawar tana nan a aljihun jaka, da ita nake saiti a ɗaki in yara sun yi barci.