Kenilworth Road: filin da baƙo ke shiga ta tsakanin gidajen mutane

Idan ƙungiyar da kake goyon baya za ta je wasa Luton, ka nemi tikiti ka bi ta. Ba zan yi maka alkawarin kujera mai daɗi ba. Kenilworth Road tsohon fili ne, tun 1905 Luton Town take wasa a cikinsa, gidaje sun matse shi, kuma yanzu mutum dubu goma sha biyu ko kusan haka yake ɗauka. Amma a duk filayen da na bi ƙungiyarmu a rukuni na uku na Ingila, wato League One, babu inda na samu sauƙin salla da abinci kamar nan, babu kuma ƙofar shiga da ta kama ƙafar tasa wajen ban mamaki.

Tikitin baƙi a wurin ƙungiyarka ake saye, ita ce take karɓar kasonta ta sayar wa mutanenta. Kason a nan wajen dubu ɗaya ne, don haka idan ƙungiyarka mai jama'a ce, masu tikitin kaka da waɗanda suka saba bin ta su ake fara ba, sauran ku jira abin da ya rage. Na biya fam ashirin da wani abu. Dokar nan ta 2016 da ta hana a sayar wa baƙo tikiti sama da fam 30 ta gasar Firimiya ce kawai, ba ta shafi ƙananan rukunai ba, saboda haka a duba farashi kafin a sa rai.

Zuwa ba wahala. Luton tana arewa da Landan da kimanin kilomita 50, jirgin ƙasa daga tashar St Pancras yana kai mutum cikin rabin awa ko ɗan fiye. A dai kula kada a sauka a Luton Airport Parkway, wannan ta masu zuwa filin jirgin sama ce, tashar cikin gari ita ce ta gaba. Daga nan da ƙafa ake ƙarasawa, tafiyar minti ashirin zuwa ashirin da biyar. Wanda ya zo da mota shi ne zai sha wuya, domin titunan unguwar ƙanana ne kuma na mazauna ne.

Tafiyar ƙafar nan ita ce rabin abin da na je gani ba tare da na sani ba. Da ka hau titin Dunstable Road ka shiga unguwar Bury Park, sai Ingilar da ka sani ta canza. Mahauta masu naman halal, shagunan atamfa da lesi irin na Pakistan da Bangladesh, masu sayar da zinari, buhunan shinkafa a bakin shago, ƙamshin gasasshen nama da na gurasa, dattawa da farar riga da hula suna tafiya a hankali cikin magoya bayan Luton masu gyale mai launin ruwan lemo a wuya. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Luton Musulmi ne, kuma a wannan unguwa suka fi yawa. Filin ƙwallon a tsakiyarsu yake. Wanda ya saba bin ƙungiya a ƙananan garuruwan Ingila ya san abin da nake nufi idan na ce wannan ba ƙaramin abu ba ne. A yawancin wurare abokan tafiyarka mashaya suke nufa kafin wasa, kai kuma ka tsaya a waje da dankali soyayye a takarda kana lissafin inda za ka shimfiɗa jaket ɗinka ka yi salla. A nan na zauna na ci shinkafa da naman rago har na ƙoshi, na sha shayi mai madara da kayan ƙamshi, kuɗin duka bai kai rabin na tikiti ba. Biyu daga cikin Turawan da muka zo tare suka biyo ni, ɗayansu barkono ya sa shi hawaye amma bai ajiye cokali ba.

Maganar salla tana buƙatar tsari, musamman da hunturu. Wasannin ranar Asabar ƙarfe uku ake take su. A watan Disamba Azahar tana shiga wajen sha biyun rana, La'asar wajen ƙarfe biyu, rana kuma tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, wato Magariba tana riskarka daidai lokacin hutun rabin lokaci ko jim kaɗan bayansa. Babban masallacin Luton yana titin Westbourne Road, 'yan mintuna ne da ƙafa daga filin, akwai kuma wasu masallatan a unguwar. Na yi Azahar da La'asar a can, na riƙe alwalata na shiga fili, ana tashi wasa wajen biyar saura na koma na yi Magariba. Wanda ya zo daga nesa yana da rangwamen matafiyi, wannan ya tambayi malaminsa tun a gida. Abin da na lura shi ne babu wanda ya kalli rigar ƙungiyar baƙi da ke jikina a masallacin, sai wani dattijo da ya yi mini murmushi a bakin ƙofa ya ce Allah ya ba mu haƙurin abin da za mu gani yau.

Sai ƙofar. Na sha ganin hotonta a waya, amma gani ya kori ji. Titin Oak Road layin gidaje ne irin na ma'aikatan zamanin da, jan bulo, manne da juna, kowane da 'yar ƙofarsa da tagarsa da kwandon shara a gaba. Kana tafiya kana neman filin ƙwallo ba ka ga alamarsa ba, sai ka ga a tsakiyar layin an fasa ƙasan gidaje an sa ƙofofin shiga, sama kuma tagogi ne kamar na kowane gida. Nan baƙi suke bi. Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya zai tuna zaure: ka shiga ta wani ɗan duhu, ka karya kwana, sai ga tsakar gida. Bambancin shi ne a nan bayan ka wuce ƙarfen da ke juyawa sai ka hau matakalar ƙarfe, daga kanta kuma kana leƙa bayan gidajen mutane dama da hagu. Igiyar shanya, keken yara, tukwanen fure, tagar banɗaki. Na ɗan ji nauyi, domin a tarbiyyarmu ba a leƙa gidan mutum haka, na sunkuyar da kai na wuce. Sauran kuwa kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Na yi ta tunanin mazauna gidajen nan, yadda suke ji duk sati biyu mutum dubu suna bi ta kan katangarsu suna waƙa.

A ciki rumfar baƙi tana bayan raga, rufinta ƙasa-ƙasa, da ginshiƙan ƙarfe da ke riƙe da shi. An gina ta ne a zamanin da ake kallo a tsaye, daga baya aka dasa kujeru a kan matakalan, shi ya sa dogon mutum gwiwarsa take taɓa kujerar gaba. Wannan bai dame ni ba, domin a ɓangaren baƙi kusan babu mai zama daga farko har ƙarshe. Ginshiƙi kuwa sai dai ka riƙa karkata kai idan ƙwallo ta bi ta bayansa. Wanda ya samu damar zaɓen wuri ya nemi tsakiya, kada ya yi can baya sosai inda rufin yake rage masa ganin ɗaya ƙarshen filin. Amfanin rufin shi ne amo. Mutum ɗari biyar suka ɗauki waƙa a ƙarƙashinsa, ƙarar sai ta cika kunne, kuma fili yana kusa ƙwarai, kana jin mai tsaron gida yana yi wa 'yan bayansa tsawa, kana jin ƙarar takalmi a kan ƙwallo. Lokacin da aka samu bugun kwana ta gefenmu, ɗan wasansu da ya zo bugawa yana jin duk abin da ake faɗa masa, har ya juyo ya yi dariya.

Daga inda muke ana hango tsohuwar babbar rumfa wadda ta haura shekara ɗari, da kuma sabuwar da aka gina cikin gaggawa a 2023 a ɗaya gefen, lokacin da Luton ta doke Coventry da bugun fenareti a Wembley ta hau Firimiya. Sai da aka ɗage wasansu na farko a gida da Burnley domin aikin bai ƙare ba. Tarihin ƙungiyar nan hawa da gangara ne mai sa jiri. Ta faɗi daga babban rukuni a 1992, daidai ana shirin fara Firimiya. A kakar 2008 zuwa 2009 aka zaftare mata maki 30 saboda matsalolin kuɗi da karya ƙa'ida, ta faɗa rukuni na biyar, ta yi shekara biyar a can kafin ta dawo a 2014. Cikin shekara tara ta kai Firimiya, ta yi kaka ɗaya, ta faɗi a 2024, ta sake faɗuwa a 2025. Shi ya sa muka same ta a rukuninmu.

'Yan Arsenal na gidajen kallo sun san filin nan ko da sun manta sunansa. A nan ne a Disamban 2023 aka tashi huɗu da uku, Declan Rice ya ci da ka a can ƙarshen ƙarin lokaci. Biyu daga ƙwallayen Luton a ranar 'yan asalin Najeriya ne suka ci, Elijah Adebayo da Gabriel Osho, wanda daga baya ya sa rigar Super Eagles. Idan kuma suna son a tono musu tsohon miki, Luton ce ta doke su uku da biyu a wasan ƙarshe na kofin League Cup a 1988. Wani abin dariya, wasan Firimiya na ƙarfe uku ranar Asabar da ake kallo kai tsaye a Fagge ko Sabon Gari, mutumin Ingila ba ya ganinsa a talabijin. An hana nuna ƙwallo kai tsaye daga uku saura kwata zuwa biyar da kwata, domin mutane su fita su je irin waɗannan ƙananan filaye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ina tsaye a rumfar nan shi ne akwai lokacin da ba a barin baƙo ya shigo filin kwata-kwata. A watan Maris na 1985, a wasan kofin FA da Millwall, magoya bayan baƙi suka ɓalle kujeru suka mamaye fili, suka yi artabu da 'yan sanda, ɓarnar ta kai har gidaje da shagunan unguwa, duk ƙasa ta gani a talabijin. Shugaban ƙungiyar na lokacin, David Evans, ya yanke cewa daga kakar 1986 sai mai katin zama ɗan ƙungiya ne zai shiga. Har korar Luton aka yi daga gasar League Cup ta wannan kaka saboda ta ƙi barin 'yan Cardiff su shigo. Kaka huɗu aka yi a haka kafin a janye a 1990. Ga kuma ciyawar roba da suka shimfiɗa daga 1985 zuwa 1991, wadda ƙungiyoyin baƙi suka tsana. Idan ka san wannan, sai ka fahimci yawan 'yan sanda a bakin Oak Road da yadda ake raba hanya tsakanin masu gida da baƙi. Masu kula da ƙofa sun caje mu cikin mutunci, wata daga cikinsu ta ga hulata ta yi mini sallama.

Abin da ban ji daɗinsa ba daga ɓangarenmu ya fito. Dokar Ingila tun 1985 ta hana shan giya a inda ake ganin fili, amma wasu tun a waje suke shan ta kafin su shigo. Wasu samarinmu tun a jirgi suka fara, kafin a take wasa bakinsu ya lalace, kuma cikin waƙoƙin tsokana da ake yi wa garin masu gida akwai waɗanda suka fara karkata zuwa ga unguwar da mutanenta. Ba su da yawa, wani babban mutum a bayanmu ya tsawata musu suka yi shiru, amma na ji, kuma daga masallacin unguwar na fito. Saboda haka ba zan ce a kawo ƙaramin yaro ɓangaren baƙi ba, sai dai a samu gefe nesa da masu ganga.

Wasan kansa irin na League One ne: gudu, ƙarfi, dogayen ƙwallaye, alƙalin wasa yana shan zagi daga kowane ɓangare, babu na'urar VAR da za ta tsayar da murna. An ci mu, addu'ar dattijon nan ta yi amfani. Bayi da wurin sayar da shayi ƙanana ne, a hutun rabin lokaci layi yana tsawo, wanda yake da uzuri ya fita minti biyar kafin a busa. Abincin ciki ban taɓa ba, na riga na cika ciki a waje, kuma haka nake ba kowa shawara.

Ƙasar filin ta ƙaramar hukumar Luton ce tun 1989, haya ƙungiyar take yi, kuma ta daɗe tana neman tashi. Sabon filin da za ta koma, Power Court, yana kusa da tashar jirgin ƙasa a tsakiyar gari, an tsara shi ya ɗauki mutum 25,000. Zai fi wannan kujeru da bayi da komai, kuma baƙo zai sauka daga jirgi ya shiga fili ba tare da ya taka Bury Park ba. Wanda yake son ya bi ta Oak Road ya duba jadawalin ƙungiyarsa tun yanzu, ya sa riga mai kauri, ya iso garin kafin ƙarfe ɗaya domin ya samu abinci da jam'in Azahar ba tare da gaggawa ba.