Mai Jagora Ɗaya Ko Ƙungiyar Matasa?

Idan al'umma na son ta kama hannun matasanta, hanyoyi biyu aka fi bi. Ko dai a haɗa yaro da babba ɗan sa-kai da zai riƙa ganinsa a kai a kai, irin tsarin Big Brothers Big Sisters da ya samo asali a New York a 1904, ko a tara su rukuni-rukuni, kamar 'yan Sikawut da Baden-Powell, wani hafsan sojan Birtaniya, ya fara da su a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907.

Ƙungiya ta fi sauƙin gudanarwa: babba ɗaya ya isa yara da dama, makaranta ta ba da fili, kuma yaro na koyon shugabanci a cikin sa'o'insa. Sai dai mai kunya kan ɓace a taro.

Ni na fi karkata ga jagora ɗaya, musamman ga yaron da gida ya yi wa zafi, domin shi kunnen da zai saurare shi yake nema. Amma akwai sharaɗi: dole alaƙar ta ɗore. Binciken Grossman da Rhodes na 2002 ya nuna cewa idan alaƙar ta mutu kafin wata uku, yaron kan ƙara raina kansa. Ga kuma wahalar tantance masu sa-kai, wadda ke cin lokaci.