Madubin hangen nesa 15x70: yana nuna ramukan wata, amma ba a riƙe a hannu ba

Wata takwas ina amfani da wannan madubi mai ido biyu a bayan garin Argungu, daga tsakiyar damina har ƙarshen hunturu. Lambar da ke jikinsa na nufin yana kusanto da abu sau 15, faɗin gilashin gabansa kuma milimita 70 ne. Nauyinsa ya kusa kilo ɗaya da rabi, nan fa gizo ke saƙar. In ka riƙe shi a hannu, kafin minti biyu taurari sun fara rawa, domin rawar hannunka ma sau 15 yake ninka ta. Dole sai ƙafar kyamara irin ta masu hoto. Mariƙin roba da ya zo da shi a kwali lanƙwasawa yake yi, gara a nemi na ƙarfe. In babu ƙafa, a kwanta rigingine a tabarma, a tallafe gwiwar hannu da matashi.

A kan wata kam ya biya kuɗinsa. Sai dai masu sabon madubi sukan jira daren 14 ko 15, alhali shi ne daren da ba a ganin komai sosai: rana na haska fuskar watan kai tsaye, babu inuwa, ga haske mai kashe ido. Daren 5 zuwa 10 ne lokacin kallo. A bi iyakar da ke tsakanin haske da duhu, nan ramuka da duwatsu ke fitowa da inuwarsu baƙi ƙirin. Wajen dare na 9 ko na 10 ramin Copernicus, mai faɗin kusan kilomita 93, yana bayyana kamar bakin ƙwarya. A dare na 3 kuwa har ɓangaren da ke duhu ana gani, launin toka-toka, saboda hasken da duniyarmu ke mayar masa.

Kaza da 'Ya'yanta na shiga cikinsa gaba ɗaya, ido na ƙirga shida ko bakwai, madubin na nuna gommai. Manyan watanni huɗu na duniyar Mushtari (Jupiter) na fitowa kamar ɗige-ɗige a jere, kowane dare da sabon tsari. Zoben duniyar Zuhal (Saturn) kuma kar a sa rai, ɗan tsawo kawai za a lura tauraron ya yi.

Kafin a biya kuɗi a gwada abu ɗaya. A kalli wayar lantarki mai nisa, sannan a ja fuska baya kamar taƙi guda daga madubin. In wayar ta fito a layi ɗaya a ido biyun, lafiya lau. In ɗaya ta fi ɗaya tudu, gilasan ciki sun goce, kuma wannan ne ke kawo ganin tauraro biyu da ciwon kai. Faɗuwa ɗaya daga kan babur ta isa ta jawo haka. Wajen saiti, a rufe gilashin dama a juya abin murɗawa na tsakiya har hoto ya fito, sannan a rufe na hagu a murɗa zoben idon dama.

Sama ta fi tsabta daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa saukar hazo. Da hunturu ƙura na cinye duk abin da ke ƙasa-ƙasa, tana kuma kwanciya a gilashi. Kar a goge da gefen riga, yashi ne, zai karce shi. A fara hure ta tukuna. Kusa da fadama raɓa na rufe gilashin bayan tsakar dare, in aka mayar da shi jaka da danshi kuma fumfuna na kama cikinsa.

Masu neman jinjirin watan azumi ko na Sallah za su ji daɗinsa, don yana ɗaukar fili kamar faɗin wata takwas a jere. Amma sai rana ta faɗi gaba ɗaya a ɗaga shi wajen yamma, domin kallo ɗaya na rana ta cikinsa na iya ƙona ido har abada.