Rumfar gyaran goge: aikin fata ya yi kyau, a kula da tsirkiya

Masu kiɗan bori da yawa sun yarda cewa gogen da ya daɗe yana kiran iskoki shi ma yakan samu iskarsa. Ba a tsallake shi, ba a ba kowa aro, wasu ma na cewa yakan yi kuka shi kaɗai cikin dare. Saboda haka ba kowane mai gyara ake miƙa wa ba. Wannan rumfa da ke cikin birnin Kano, aikinta ke nan: tayar da tsofaffin goge da garaya.

Inda masu rumfar suka ciri tuta shi ne ba sa taɓa kumbo, wato ƙwaryar da ita ce jikin goge, sai dole. Kumbon da ya shekara da shekaru ya gama bushewa, ya yi sauƙi, daga nan muryar da mai shi ya saba da ita ke fitowa. In aka canza shi, ko ka yarda da iska ko ba ka yarda ba, wani gogen aka ba ka. Fatar guza da ake rufe bakin kumbo da ita sukan jiƙa ta har ta yi laushi, su ja ta daidai ta kowane gefe, su kafe da ƙananan ƙusoshi, sannan ta bushe a inuwa. Wadda aka shanya a rana takan ɗaure da sauri ta tsage ta bakin ramin da ke jikinta. In sun tarar da laya a ciki, mayar da ita suke yi ba tambaya.

Kukan daren kuwa, galibi da hunturu ake jin sa: fata ta ƙara ɗaurewa, jaki, wato ɗan itacen da tsirkiya ke hawa a kan fata, ya ɗan gusa, silin izga ya tsinke ya yi ƙara. Da damina akasin haka ne, fata ta saki, murya ta dushe, sai an ɗan gasa ta nesa da garwashi.

Aibinsu biyu. In ba ka yi magana ba, za su iya sa maka zaren roba maimakon izgar doki. Yana da ƙarko, amma ba ya riƙe ƙaron da ake goga wa tsirkiya, sai sautin ya riƙa zamewa. Kuma suna gaggawar liƙe tsagar kumbo da gam mai kamawa nan take, wanda ke ƙagewa ya sake fashewa a gefe. Ka ce, "Malam, izga nake so, tsagar kuma a ɗinke ta." Sun iya ɗinkin, ya fi cin lokaci ne kawai, kuma kuɗinsa daban.